Sharhina kan suwic mai ƙofa 24 da wahalar da na sha wajen saita QoS

Wata biyar ke nan da muka ɗora wannan suwic ɗin, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da wayoyi a hanyar sadarwa ɗaya, a ofishinmu, kuma dalili ɗaya ne ya sa na nace a saye shi: an ce yana iya rarrabe fakitoci, wato ƙananan ƙunshin bayanan da ke ratsa shi, ya ba wa murya fifiko a kan sauran bayanai, abin da ake kira QoS. Matsalarmu ita ce duk lokacin da kwamfutoci suka fara tura ajiyar bayanai zuwa saba, wato babbar kwamfutar ajiya, ta kan babban layin gigabit ɗaya da ya haɗa mu da ɗaya ɓangaren ginin, sai wayoyin tebur su fara yankewa, mai magana ya riƙa jin abokin maganarsa kamar daga cikin rijiya. Murya ba ta cin wani abin a-zo-a-gani, domin kira ɗaya na G.711, wato tsarin mai da murya bayanai, bai kai kilobit 100 a daƙiƙa ba, amma fakitocinta suna fita ne kowane milisakan 20, kuma da zarar wasu sun makale a bayan manyan fakitocin ajiya, kunne zai gane nan take.

Na ɗauka aikin rabin sa'a ne. Wayoyin da kansu suna sa wa fakitin murya alamar fifiko da ake kira DSCP, mai lamba 46, wadda ita ce aka saba warewa domin murya, saboda haka na shiga shafin saiti, na kunna QoS, na koma kujerata da tunanin an gama. Washegari da rana aka fara ajiyar bayanai, wayoyi suka ci gaba da yankewa kamar ba a taɓa komai ba. Kwana huɗu na yi ina zargin wayoyi, ina zargin kebul, har na sauya biyu da ba su da laifin komai. A rana ta biyar ne na kwafo abin da ke shiga ƙofar wata waya da abin da ke fita ta babban layi zuwa kwamfutata, na buɗe su a Wireshark, manhajar duba fakitoci, sai ga abin a fili: fakitin yana shiga da 46, yana fita da 0. Ashe kunna QoS ɗin ne ya mai da kowace ƙofa wadda ba a amince da ita ba, suwic ɗin kuma yana goge duk alamar da ya tarar. Wato da hannuna na ƙara lalata lamarin, domin kafin nan aƙalla alamar tana isa na'ura ta gaba lafiya. Babu gargaɗi ko na layi ɗaya a shafin, kuma littafin jagoran ya ambaci wannan ɗabi'a ne a wata 'yar jimla can cikin babin da ba na QoS ba. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

Ko da na gano haka, zaɓin farko da yake bayarwa shi ne amincewa da CoS, wato wata alamar fifiko mai bit uku (802.1p) da ke cikin tambarin VLAN, tambarin da ke nuna rukunin sadarwar da fakiti yake, mai daraja daga 0 zuwa 7. Wayoyinmu a lokacin ba sa aiko da tambari, don haka babu inda CoS ɗin zai zauna. Sai da na mai da amincewar kan DSCP, wanda yake cikin kan fakitin IP kuma ba ya buƙatar tambari, sannan na tarar da wata kuma: jadawalin da ya zo da shi yana jefa 46 cikin layin jiran da ke raba dama da sauran layuka bi da bi. Na ɗauke shi da kaina na mai da shi layin da ake sallama kafin kowa.

Daga nan gaskiya ya burge ni. An yi ajiyar bayanai babban layi ya cika maƙil, ina riƙe da waya ina magana da abokin aiki na tsawon minti ashirin, ban ji ko gezau ba. Na kuma rubuta ƙa'idar da ke gane taron bidiyo ta lambobin UDP, wato lambobin da ke nuna irin hidimar da fakiti ke ɗauke da ita, ta sa masa alamar DSCP 34, ta kama aiki a karon farko. Ƙofofin kwamfutoci na bar su ba a amince da su ba, domin kada wata manhaja ta sa wa kanta 46 ta kutsa layin murya, kuma a nan goge alamar da ya wahalar da ni ya yi amfani. A wancan makon har na ce wa shugabana kuɗinmu bai faɗi ƙasa ba.

Sai dai da na sabunta manhajar cikinsa a wata na uku, saitin amincewar ya koma yadda ya fito daga kamfani, alhali jadawalin layuka da ƙa'idojina suna nan daram, saboda haka idan ka duba sama-sama za ka rantse komai lafiya. Koken ma'aikata ne ya sanar da ni. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shafin saitin ba ya nuna yawan fakitin da kowane layin jira ya zubar, wanda shi ne ma'auni ɗaya da zai faɗa maka ko rarrabewar tana aiki kafin mutane su fara kira. Dole sai ka shiga ta layin umarni. Na rubuta wa masu tallafi a kan batun sabuntawar, amsar da na samu ita ce in riƙa adana kwafin saiti, abin da dama nake yi.

Ba zan cire shi ba tunda yanzu yana aiki, amma za mu ƙara suwic biyu a sabon ɓangaren ofis, kuma ban sa wannan samfurin cikin takardar da na miƙa ba.