Yawon Dutsen Ado-Awaye Daga Agege: Jagoran Ya Burge Ni, Tsarin Hanya Kuma Da Gyara

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke ɗaukar mutane daga Agege ne ya kai mu Ado-Awaye, cikin ƙaramar hukumar Iseyin a jihar Oyo. Motar tsaf take, direban kuma ba ya gudun wuce sa'a.

Abin da na fi yabawa jagoranmu ne. Bai bar mu mun haye da ka ba. Kafin a taka matakala ta farko sai da ya bayyana mana cewa garuruwa biyu ne, Ado da Awaye, suka haɗu a gindin dutsen. Hawan na cin gwiwa, Hajiyar da ke gabana sai da ta cire takalmi ta riƙe a hannu. A can sama akwai tafkin Iyake, ruwa kwance cikin kwarmin dutse, mutanen garin na girmama shi ƙwarai. Daga gefen tafkin jagoran ya riƙa nuna mana da sanda: ga jajayen rufin kwano a cunkushe a ƙasa, ga gonakin rogo, ga siraran hanyoyin ƙafa da ke shiga ƙauyuka, can nesa kuma shanun Fulani na kiwo. Wanda ya saba da cunkoson kasuwar Mile 12 ta Legas sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ya dame ni: ba su ware lokacin sallar azahar ba, sai da wani Alhaji a cikinmu ya yi magana aka tsaya. Ruwan shan da suka raba ma ya yi kaɗan, ku riƙe naku.