Kafin ka sayi kit ɗin jirgin yaƙin duniya na biyu, duba waɗannan tukuna

Hoton jikin kwali shi ya fi cin kuɗin mutane a harkar haɗa ƙananan jiragen roba da ake sayarwa guntu-guntu a kwali, wato kit. Ka ga Spitfire tana keta hayaƙi ko Mustang tana sheƙi a sama, ka biya, ka buɗe sai ka tarar robar ciki a mol ɗin da ya girme ka aka zuba ta, wato ƙarfen da ke ba robar siffa, fiffike ya ƙi zama a bodi, gilashin matuƙi kuma kauri kamar gindin kwalba. Shi ya sa tambayata ta farko kullum ita ce wace shekara aka sassaƙa mol ɗin, sunan kamfani daga baya yake zuwa. Kamfanonin nan suna sake sa tsohon kaya a sabon kwali, kuma suna aron robar juna, Revell da Italeri sun sha sayar da kit ɗin wasu da sunansu, har Tamiya akwai wasu kit nata na sikelin 1/72 da asalinsu na Italeri ne. Airfix dai ta kyauta, tsofaffin nata tana rubuta musu Vintage Classics ɓaro-ɓaro. Sauran kuwa sai ka ɗauki lambar kit ɗin ka shiga shafin intanet na Scalemates, nan za ka ga tarihinsa tun daga mol na farko. Misali Tamiya tana da Spitfire Mk.I guda biyu a 1/48, na 1993 mai lamba 61032 da na 2018 mai lamba 61119, suna ɗaya jirgi ɗaya, amma aikin ciki ba a haɗa su.

To sai sikeli, wato sau nawa aka rage girman jirgin gaske. Faɗin fukafukan Spitfire na gaske ya ɗan haura mita 11, a 1/72 zai zo maka wajen santimita 15 da rabi, a 1/48 kusan 23, a 1/32 kusan 35, a 1/24 kuwa ya doshi 47. Mutane suna cewa sabon shiga ya fara da 1/72 tunda ya fi araha kuma guntayensa ba yawa, ni ban cika yarda ba gaskiya. Arahar gaskiya ce, amma sandar tuƙi da ƙafar taya a 1/72 sai da hantsaki, in ta fille daga hannunka ta faɗi ƙasa shikenan sai dai haƙuri, kuma fentin firam ɗin gilashi a wannan girman yana sa mutum ya tsani harkar gaba ɗaya. Ga jirgi mai injin ɗaya 1/48 ya fi dacewa, hannu yana kama komai, ido yana ganin aikin da ka yi a kokfit, wato mazaunin matuƙi, kayan ƙari ma sun fi yawa a nan. 1/72 na wanda yake son tara jirage da yawa ne a ɗan waje, kuma in nan ka nufa, Hurricane da Mustang P-51B na Arma Hobby ta Poland suna da kyau sosai, sai dai suna son a bi su a hankali wajen gwada guntaye kafin gam. Spitfire Mk.Ia na Airfix na 2010 ya fi sauƙi, layukan bodinsa ne suka yi zurfi da yawa. 1/32 da 1/24 kuwa aikin watanni ne, Typhoon ɗin Airfix na 1/24 guntayensa sun haura 500, kar ka fara da shi dan Allah.

A 1/48 rigimar duk tsakanin Tamiya ta Japan da Eduard ta Czech take. Tamiya injiniyoyinta mai haɗawa suke tunani, guntu ba ya shiga inda ba wurinsa ba, ka haɗa rabin bodi biyu su rufe ƙyam ba sai ka nemi fotin cike tsaga ba. Jirgin Jamus Bf 109G-6 nata na 2017 ka duba ƙafafun taya, jirgin nan ƙafafunsa a bubbuɗe suke kuma sun karkata gaba, a yawancin kit sai ka yi ta gwaji da ido kana tokarewa har gam ya bushe, su kuwa sun yi musu mazauni mai ƙarfi da ke ba ka kusurwar daidai, murfin injin ma da maganaɗisu yake kamawa. Inda take gaza shi ne sitika, tana da ɗan kauri, zaɓin alamomin ba yawa, kuma tef ɗin rufe gilashi lokacin fenti da take bayarwa zane kawai aka buga a kai, kai za ka bi da wuƙa ka yanka.

Eduard kuma ta fi kowa ƙawata fatar jirgi, ƙananan kusoshin bodi layi-layi har sai ka karkata robar a haske kake ganinsu, kuma tana da samfura da yawa na Spitfire da 109 da Fw 190. Roba ɗaya take sayarwa a kwali iri-iri, Weekend roba ce da sitika kawai, ProfiPACK kuma an ƙara siraran guntayen ƙarfe masu launi na bel ɗin kujera da allon agogunan matuƙi, da tef ɗin gilashi yankakke, da alamomin jirage biyar ko shida. In dai ka san za ka sayi bel da tef daban to ProfiPACK ɗin kawai ka ɗauka. Amma ita ma a duba shekara. 109G-6 ɗinta na 2014 ya fito ya fi sikeli girma, aka yi ta surutu har ta sake sassaƙa shi ya dawo a 2016, haka Fw 190A nata na 2006 an tsara shi ne a bar injin da ma'ajiyar bindigogi a buɗe, wanda ya so rufewa ya sha wahala, sabon da ya fara fitowa a 2017 ba shi da wannan matsalar. Tsofaffin suna nan suna yawo a hannun masu sayar da na hannu.

Hasegawa na shekarun 1990 har yanzu ba laifi, siffa mai kyau, kokfit ne ba kaya sosai kuma farin sitikarsu yana ja zuwa ruwan madara. Airfix sababbi irin P-51D na 2017 suna da daɗin haɗawa, robarsu ce mai ɗan laushi.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne jirgin da ka zaɓa shi zai yanke maka irin kayan fentin da za ka nema. Hellcat ko Corsair na ƙarshen yaƙi shuɗi ne mai duhu tun daga hanci har wutsiya, burushi ma ya isa. Spitfire na 1940 kore da ruwan ƙasa ne masu iyaka a fili, shi ma burushi zai yi in ka tsinka fentin ka bi sau biyu ko uku. Amma 109G mai launukan sojan saman Jamus masu lamba RLM 74, 75 da 76 akwai ɗige-ɗigen nan masu dishi-dishi a gefen bodi, da feshi aka yi su a jirgin gaske, in ba ka da abin feshi da kwamfuresa zai yi wuya su fito yadda ya kamata. Mustang mai launin azurfa ya fi duka rashin yafiya, duk ƙarzanen samfefa da ka bari, duk shatin yatsa a gam, fentin azurfa sai ya tona. Kuma fukafukan P-51D a masana'anta an cike musu mahaɗa da foti aka fesa fentin azurfa, bodin ne kawai zallar ƙarfe, don haka bai kamata su yi ƙyalli iri ɗaya ba. Wani abu kuma, jiragen Jamus da yawa za ka tarar babu alamar wutsiya ta 'yan Nazi a sitikarsu saboda dokar Jamus, wasu kamfanonin kuma su raba ta gida biyu ka haɗa da kanka.

Kayan ƙari nan ne aljihu ke yoyo. Ka'idata ita ce kar a sayi guntayen rezin, wato wata irin roba mai tauri da ake sayarwa daban, don ceto kit mara kyau, kafin ka gama sayen kokfit da taya da farfela da sitika ka wuce kuɗin sabon kit mai kyau, kuma siffar bodin tana nan a karkace. Abin da ya cancanci kuɗi na farko tef ɗin gilashi ne yankakke, musamman ga Zero mai firam rututu. Sai bel ɗin kujera tunda shi ido ke fara gani, sai salansa na rezin mai rami a baki, sai bututun bindiga na tagulla irin na kamfanin Master. Cikakken kokfit na rezin kuwa ka yi tunani sau biyu, sau da yawa sai ka kankare bangon bodi har haske na ratsa robar kafin ya shiga, in ka rufe gilashi kuma rabin aikin ba mai gani. Gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin narka roba yake yi, ba ya kama rezin ko ƙarfe, sai supa gulu, shi kuma supa gulu tururinsa yana sa gilashi ya yi fari, don haka gilashi da farin gam na ruwa ake manna shi. Ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu, a jiƙa samfefa da ruwa kafin a goga.

Gyaran da za ka yi da hannunka ma yana da yawa kuma ba ya cin komai, ka huda bakin salansa da ɗan siririn diril, ka ɗumama guntun firam ɗin roba a kan kyandir ka ja shi ya zama wayar eriya, ka yi bututun birki da silin wayar lantarki. Sai dai kafin ka sa wuƙa ka duba hotunan jirgin na lokacin. Mustang in ta daɗe a ajiye fulaf ɗinta, wato ɓangaren bayan fiffike mai sauka, da murafen taya na ciki suna saukowa saboda ƙarfin haidirolik ya sace, don haka sauke su daidai ne, amma Spitfire da wuya ka gan ta a ƙasa da fulaf a sauke, ana taɓa ƙasa ake ɗage su don suna tare iskar lagireto. Masu son mayar da Spitfire Mk.V ta koma Mk.IX kuma, hancin ya fi tsawo, farfela mai ganye huɗu ce, lagireto biyu ne iri ɗaya a ƙarƙashin fukafukai, aiki ne babba alhali Eduard tana da Mk.IX tun 2013. In P-38 ko P-39 ka ɗauko masu taya a hanci, kar ka rufe bodi sai ka sa nauyi a gaba, in ba haka ba a kan wutsiya zai zauna, P-38 na Tamiya ma da ƙwallayen ƙarfensa yake zuwa a kwali saboda haka.