Shagon Ɗinka Bajo a Tudun Wada: Yadda Suka Fitar da Tambarin Wani Ƙauyen Jamus

Wannan shago da ke kusa da Kasuwar Barci bajon makarantu da na ƙungiyoyin ƙwallo ya fi yi, da keken kwamfuta. Aikinsu da muka duba tambarin wani ƙauye ne na yankin Eichsfeld a Jamus, wanda wani kwastoma ya kawo a ɗinka masa: jar garkuwa, farar ƙafar keke mai sanda shida a sama, farin layi mai lanƙwasa a ƙasa.

Ƙafar keken ba ado ba ce. Alamar babban limamin cocin Mainz ce, wanda ya mulki yankin har zuwa 1802, shi ya sa ƙauyuka da dama can suke ɗauke da ita. Layin mai lanƙwasa kuwa rafi ne, kamar yadda farin Y na tambarin Najeriya yake nuna Neja da Binuwai.

Inda suka burge mu shi ne launi. Ƙa'idar fannin zana tambarin garkuwa irin na Turai ita ce fari da ruwan ɗorawa, masu wakiltar azurfa da zinariya, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya, haka ja ba ya hawa kan baƙi ko shuɗi ko kore, don a gane alamar daga nesa. Maigidan bai canza komai don ƙawa ba. Da ya juya launin, ya sa jar ƙafa kan farin fili, da tambarin ya koma na limamin cocin Osnabrück, wani yanki daban na Jamus. Sandunan ma shida cif suka fito.

Zaren foliyesta suka sa, wanda ba ya koɗewa da wanki. Sun kuma yi wa yadin gam biyu a baya, don haka bai tattare ba.

Matsalar tana rubutu. Bajon santimita 8 ne, haruffan sunan ƙauyen ba su kai milimita 5 ba, zaren ya cushe, ɗigo biyun da ke kan harafin ü suka haɗe. Ko dai a ƙara girman bajon zuwa santimita 10, ko a cire sunan, tunda asali ba a cikin garkuwa yake ba.

Mai kai musu irin wannan aiki ya nemi gwaji a kan ƙyalle kafin su hau yadin. Ya kuma tuna daman garkuwa daman mai riƙe da ita ne, wato hagun mai kallo, kada yaron shago ya juya hoton a kwamfuta.