Na gwada OEIS saboda wani doki da ya maƙale

Jama'a duk mai son wasa da lissafi ya leƙa OEIS, rumbu ne na jerin lambobi, kyauta ne kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka bincika. Wani masanin lissafi Neil Sloane ne ya fara tara su tun 1964, daga baya aka ɗora a intanet.

Abin da ya kai ni dokin wasan chess ne, wanda tsallensa gida biyu ne a miƙe sai ɗaya a gefe, kamar harafin L. Ka ɗauko littafin lissafi mai gida-gida ka rubuta 1 a tsakiya, 2 a gefenta, ka yi ta zagayawa kamar igiyar leƙo ta sauro, irin naɗin da wani masanin lissafi Stanislaw Ulam ya zana a 1963 har ya ga lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu suna jeruwa a karkace. To sai ka ɗora doki a kan 1, dokar ita ce kullum ya yi tsallensa zuwa gidan da ya fi ƙaramar lamba cikin waɗanda bai taɓa takawa ba. Ni da biro na yi, na samu 1, 10, 3, 6, 9, 4, 7, 2, 5, 8, ina zuwa wajen tsalle na talatin na rikice, takardar duk ta zama kwamacala don na manta inda na taka.

Waɗannan goman kawai na zuba a akwatin bincike, nan take ya fito min da jerin da suka sa wa lamba A316667. Ashe dokin ba ya tafiya har abada! Lamba ta 2016 a jerin ita ce ta ƙarshe, yana sauka gida 2084 shi ke nan, duk gidaje takwas ɗin da zai iya zuwa ya riga ya taka su. Wallahi sai da na tausaya masa.

Akwai inda za ka danna ka ga zanen jerin, har da inda za ka saurare shi kamar kiɗa, wannan kam ƙanwata cewa ta yi in kashe. Ba ya cin data don kusan duk rubutu ne, amma fa da Turanci yake, kuma ka tabbatar ka sa lambobi da ɗan yawa, in uku ka sa zai jibgo maka jeri rututu ka rasa wanne ne naka.