Rutland ko Herefordshire: amsa ga ɗan'uwanmu mai shirin ƙaura

Malam, ka ce an yi maka tayin aiki a gundumomi biyu na karkarar Ingila, Rutland da Herefordshire, kana neman wadda za ta fi daɗin zama da iyali. Duk biyun ƙasar noma ce da kiwo, amma zamansu ba ɗaya ba ne.

Rutland 'yar mitsitsiya ce, murabba'in kilomita 382, mutanenta kusan 41,000 a ƙidayar 2021. Babu birni a cikinta, garuruwa biyu ne kacal, Oakham da Uppingham, saura duk ƙauyuka. Herefordshire ta ninka ta fiye da sau biyar a faɗi, mutanenta kusan 187,000, ga birnin Hereford a tsakiya, tana jingine da iyakar Wales. Sai mutum ya zaci babbar ta fi sauƙi, alhali ƙaramar ce ke kusa da komai. Daga Oakham, jirgin ƙasa zai kai ka Leicester cikin kusan rabin awa, kuma can ne masallatai da mahautan halal da kayan miyarmu suke. Daga Hereford kuwa, kafin ka isa Birmingham, babban birnin da za ka samu irin waɗannan, ka haura awa guda a hanya. Ga mai yara da yake son su tashi cikin jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen arziki Herefordshire ta fi ƙarfi a gona. Can ne asalin shanun Hereford, jajaye masu farar fuska, waɗanda aka kai kiwonsu har Amurka da Ajantina. Gonakin tuffa sun cika ta, sai dai ka sani yawancin tuffar giya ake yi da ita; kamfanin Bulmers tun 1887 yake wannan sana'ar a Hereford. Don haka ka bincika irin aikin da kyau kafin ka sa hannu. Kogin Wye ma yakan yi ambaliya, kamar yadda ya yi a Fabrairun 2020, a kula da unguwar da za a kama haya. Rutland tana da masana'antar siminti a Ketton da manyan makarantun kuɗi biyu da aka kafa a 1584. Aibinta tsadar gida, kuma asibitinta ƙarami ne, babbar jinya sai an fita gundumar.

Abin kallo fa? Hereford na da babbar majami'a mai ɗauke da taswirar duniya da aka zana a fata wajen 1300. Amma ni Rutland Water ce ta fi kama mini rai. Tafki ne da aka haɗa da madatsa a shekarun 1970, ruwan ya cinye ƙauye guda, mutane suka tashi tsaye suka ceci cocin Normanton: aka cike ƙasanta da duwatsu, yau tana tsaye a bakin ruwa rabinta a binne. A 2021 aka tono ƙasusuwan wata dabbar teku ta zamanin da, mai tsawon kusan mita 10, a wurin. A fadar Oakham kuma bango ya cika da takalman doki na ƙarfe fiye da 200, domin al'ada ce duk basaraken da ya zo garin karon farko sai ya bar ɗaya.

In albashin zai ɗauki hayar, Malam, ka ɗauki Rutland. Kuma ko wacce ka zaɓa, ka nemi lasisin tuƙi da wuri, don bas ɗin ƙauyukan nan ba ya yawan zuwa, musamman ranar Lahadi.