Daga Hamburg: Batun Tsohuwar Kwamfutar Gida

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya, saƙonka ya iso mini cewa kwamfutar da na bari wa yara ta ƙi karɓar sabuntawa. Irin wannan matsala ta same ni a nan Jamus da tawa, wadda kusan sa'arta ce, shi ya sa na ga ya dace in faɗa maka yadda na ƙare da ita.

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin namu biyu. Da na nemi ɗora Windows 11, sai na'urar ta nuna mini cewa ba ta cika sharaɗi ba, domin sabuwar manhajar tana buƙatar wani abin tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa (processor) ta zamani, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Na kai ta wani shago a unguwarmu, mai shagon bai ko kwance ta ba ya ce in sayi sabuwa, saboda ladan aikinsa zai kusa kai kuɗin wata ta gwanjo. A nan intanet da wutar lantarki ba sa yankewa, kayan gyara kuma har ƙofar gida ake kawo su, amma hannun mai gyara tsada gare shi ƙwarai. A ranar na tuna da matasan Farm Centre da titin Beirut a Kano, waɗanda za su kwance na'ura ɗaiɗai a gabanka su mayar, kuɗin kuma a yi ciniki cikin mutunci. Wallahi ba mu san darajarsu ba.

Wani maƙwabcina ne ya nuna mini wurin da ake kira Repair Café, tsarin da aka fara a Amsterdam a 2009, inda masu sa kai suke gyara kaya kyauta, sai abin da mutum ya jefa a akwatin gudummawa. Wani dattijo mai ritaya ya zaunar da ni kusa da shi, ya miƙo mini sukundireba ya ce ni zan kwance da hannuna. Muka kwashe hotuna da takardu zuwa filashi tukuna, muka cire tsohuwar ma'ajiyar bayanai muka sa SSD, wata ma'ajiya mai sauri, sannan ya ɗora Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, wadda ba a biyan ko sisi a kanta. Kwamfutar da take ɗaukar mintuna kafin ta tashi, yanzu kafin in zuba shayi ta buɗe.

Abin da ya fi damuna game da ta gida shi ne wuta. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar sabuntawa, batirin kuma ka san ya mutu, manhajar na iya lalacewa har ta ƙi tashi gaba ɗaya. Don Allah kada yara su sake gwadawa sai an tayar da janareta, kuma kada a yarda wani ya ɗora mata Windows ɗin sata, domin sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa. A fara kwashe hotunan bikin Hajiya zuwa filashi, sannan ka kai ta Farm Centre ka ce a sa SSD da Linux Mint. Kuɗin zan turo maka ƙarshen wata, in Allah ya yarda.