Shagon juye a Tudun Wada: aikin hannu mai kyau, amma a kula da baƙin man galan

A Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Tsohuwar Panteka, akwai wani shagon juyen baƙin mai da masu babura ke cika shi tun da sassafe, kuma ina cikin masu kai masa babur. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, yaransa kuma sun iya aiki: suna barin tsohon mai ya tsiyaye sarai kafin su mayar da notin ƙasa, ba sa ɗaure shi da ƙarfin da zai cinye zare, sannan suna duba sarƙa da birki ba tare da sun ƙara ko sisi ba. A wannan fannin ban ga abin kushewa ba.

Inda nake da magana shi ne man da ake zubawa. Shagon yana sayar da iri biyu. Akwai na roba mai lita ɗaya wanda aka rubuta wa 4T, wato man da aka yi don injin babur, akwai kuma baƙin man mota da ake tsiyayowa daga babban galan a auna wa mutum, kuma da yake na biyun ya fi araha, shi ne yawancin mutane ke cewa a zuba musu. Da na yi wa mai shagon maganar, sai ya ce, "Malam, ai mai duk mai ne, wanda ya riƙe injin mota babur ne zai gagare shi?" Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma zancen bai tsaya daidai ba.

A mota, injin yana da mansa, giya tana da nata daban, kulocin motar da ake sa wa giya da hannu kuwa a bushe yake aiki. A babura irin su Bajaj Boxer da TVS, mai guda ne yake zagaya injin da giya da kuloci gaba ɗaya, domin farantan kulocin a cikin man suke jiƙe. Man mota na zamani, musamman mai ruwa-ruwa kamar 5W-30 ko 0W-20, ana zuba masa sinadaran ƙara santsi don mota ta rage shan fetur, kuma wannan santsin ne yake hana farantan kuloci kama juna da kyau. Alamar ba ta ɓuya: mutum ya ɗauko kaya zai hau gadar Kawo, ya murɗa totur, injin ya yi ta ƙara amma babur ba ya ƙara gudu. Idan aka ci gaba a haka farantan suna ƙonewa, kuɗin da aka rage a wajen mai sai ya tafi wajen bakanike har da ƙari.

Haƙoran giya ma suna niƙa mai har kaurinsa ya ragu da wuri, ga shi injinan nan iska ce kawai ke sanyaya su. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson titin Ahmadu Bello a watan Afrilu ya san irin zafin da ke tasowa daga injin, alhali man da ke cikinsa bai fi lita ɗaya ba. Saboda irin waɗannan dalilai ne Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babura a 1998, inda MA ke nufin man da ya dace da kuloci mai jiƙa, MB kuma na babura masu bel, daga baya a 2006 aka ƙara MA1 da MA2 a matsayin rassan MA.

Adalci ne in faɗi cewa ba kowane man mota ne yake sa kuloci sulɓi nan take ba. Mai kauri irin 20W-50 sau da yawa yakan yi aiki ba tare da an ga matsala da wuri ba, shi ya sa wasu ke rantsuwa cewa sun daɗe a kansa lafiya lau. Wanda mai ya ƙare masa a hanyar Zariya bai sami 4T ba, gara ya zuba irin wannan da ya tuƙa injin a bushe, in ya iso gari ya juye. Damuwata da galan ɗin shagon nan ita ce babu takarda a jikinsa, don haka mai saye bai san kaurin man ba, bai san kamfaninsa ba, bai kuma san ko an gauraya shi da wani ba.

Zan ci gaba da zuwa shagon, kuma ina ba da shawarar a je, amma a nemi roba mai hatimi wadda aka rubuta JASO MA ko MA2 a bayanta, da kaurin da littafin babur ya ambata, a kuma buɗe ta a gaban mai babur. Yaran shagon ba sa musu idan aka nemi haka.